Photovoice: binciken rayuwar iyaye mata na karkara ta hanyar hoto

Photovoice, wato muryar hoto, hanya ce ta bincike da ake miƙa wa mutane kyamara su ɗauki rayuwarsu da hannunsu, daga baya a zauna tare da su a tattauna abin da suka ɗauko. An fara gwada ta ne da matan ƙauye a lardin Yunnan da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin.

Asali

Mata biyu ake jingina wa wannan hanya: Caroline Wang ta Jami'ar Michigan a Amurka, da Mary Ann Burris, wadda a lokacin jami'ar Gidauniyar Ford ce a Beijing. Sun soma aikin wajen shekarar 1992, a ƙarƙashin wani shiri na lafiyar mata da haihuwa. Da farko "photo novella" suke ce masa. Sunan da aka sani yanzu ya kafu ne daga baya, musamman bayan maƙalarsu ta 1997. Sun ɗauki haske daga Paulo Freire, malamin nan ɗan Burazil mai ra'ayin cewa talaka ya fi kowa sanin inda ke masa ƙaiƙayi.

Aikin Yunnan

Mata 62 ne daga gundumomin Chengjiang da Luliang suka karɓi kyamara, akasarinsu manoma, wasu ko karatu bai yi musu nisa ba. Suka ɗauko ɗiban ruwa da girki da aikin gona, da 'yan mata masu raino a lokacin da ya kamata suna aji. Hotunan da suka fi tsayawa a rai su ne na jarirai kwance a gona, uwa na can duƙe tana aiki, domin ba ta da wanda za ta bar wa ɗa. Abu ne da takardar tambayoyi za ta iya wucewa ta kansa, tunda ga matan ba labari ba ne, yau da gobe ce.

An nuna wa jami'an lardin hotunan. Masu binciken sun ruwaito cewa hakan ya taimaka wajen buɗe wuraren raino, da horar da ungozomomi, da ba 'yan matan ƙauye tallafin karatu. A 1995 aka buga 100 daga cikin hotunan a littafi guda.

Suka

Ana muhawara kan neman izinin wanda aka ɗauka, musamman yara, da kan wa ke zaɓar hoton da hukuma za ta gani.

Yaɗuwa

Yanzu ana amfani da hanyar a binciken lafiya a ƙasashe da dama, har da na Afirka.