Ra'ayin Jama'a kan Tattara Tiyatar Ƙashi a Asibitoci Ƙalilan

Tiyatar ƙashi iri biyu ce: ta gaggawa, kamar karayar haɗarin mota, da wadda ake sa wa rana, kamar sauya gaɓar gwiwa ko ta kwatangwalo. Ta biyun ce wasu ƙasashe ke kwashewa daga asibitoci da dama su mayar cibiya guda. Asibitin Coxa da ke Tampere a ƙasar Finlan ya fara irin wannan aiki a 2002, cibiyar Epsom ta kudu maso yammacin Landan kuma a 2004.

Hujjar likitoci ita ce yau da gobe: hannun da ya saba aiki ɗaya ya fi faɗawa, kuma ba a cika sake buɗe majiyyaci don gyara ba. Farfesa Tim Briggs, likitan ƙashi a Ingila, ya ƙarfafa wannan a rahotonsa na 2015. Akwai kuma batun gado. A babban asibiti, da zarar masu gaggawa sun cika ɗakuna, wanda aka sa wa rana shi ake fara ɗagawa, wani lokaci bayan ya kwana bai ci komai ba saboda allurar barci. A Janairun 2018 hukumar lafiya ta Ingila ta ba asibitoci umarnin ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba saboda cunkoson hunturu. Cibiyar da gadajenta na masu wannan tiyata ne kaɗai ba ta cika shiga wannan hali ba, kuma kamuwa da ƙwayoyin cuta ya fi sauƙin tarewa.

Ra'ayin jama'a ya fi rataya a kan nisa. Mutane kan yarda su yi tafiya idan jira zai ragu kuma ba za a soke ranar ba. Sai dai galibin majiyyatan tsofaffi ne masu dogara sanda, kuma bayan tiyata sukan yi makonni ba su tuƙi. Wa zai kai su? Wa zai je dubiya? Shi ya sa tsare-tsaren kan bar gwaje-gwaje da gashin ƙashi a asibitin kusa da gida, wasu har da motar ɗauko marasa hali.

Wani tsoron ya fi wannan zurfi: cewa in aka ɗauke sashe ɗaya, sauran za su bi. Hukumomi ba sa wasa da shi. A zaɓen Birtaniya na 2001, Dokta Richard Taylor ya ci kujerar majalisar dokoki ta mazaɓar Wyre Forest a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, kan adawa da rufe sashen gaggawa na asibitin Kidderminster da ke mazaɓar.