Ƙaiƙayin maƙogwaro lokacin motsa jiki: yaushe ne abin damuwa?

Matasa masu buga ƙwallo da masu fita gudun asuba sukan yi ƙorafin cewa da zarar jiki ya ɗau zafi sai maƙogwaro ya fara ƙaiƙayi, tari ya biyo baya. Da yawa kemis suke nufa su sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali sau da yawa babu wata ƙwayar cuta a wurin.

Hanci ne ke ɗumama iska, ya jiƙa ta, ya tace ƙura kafin ta isa huhu. Idan gudu ya yi gudu mutum yakan koma numfashi ta baki, sai busasshiyar iska ta bugi maƙogwaro kai tsaye. Shi ya sa abin ya fi tsananta da hunturu, musamman ga mai gudu a bakin titi cikin hayaƙin motoci. Irin wannan yakan lafa idan an huta an sha ruwa.

Wanda ya fi damuna shi ne ƙaiƙayin da ke zuwa da tari, da ɗaurewar ƙirji, da numfashi mai fito. Alama ce ta cewa hanyoyin iska a huhu suna tsukewa. Yakan fi tsanani minti 5 zuwa 10 bayan an tsaya, ya lafa cikin kamar awa 1. Masu asma sun san shi, amma yana kama wanda bai taɓa sanin yana da ita ba. Yaro nawa aka kira rago a fili alhali numfashi ne ke gagararsa? Likita na iya gwada ƙarfin huhu, ya rubuta maganin shaƙa irin salbutamol, a shaƙa kamar minti 15 kafin a fara. Ba a daina wasa saboda wannan.

Akwai kuma majinar da ke gangarowa ta bayan hanci ga masu yawan atishawa, da ƙwannafi ga wanda ya cika ciki ya fita gudu, tsamin ciki ya hauro wuya. Iyayenmu masu hawan jini su lura: maganin hawan jini mai suna lisinopril yana sa wasu busasshen tari da ƙaiƙayin maƙogwaro. Kada a daina sha da kai, a koma wurin likita ya canza.

Idan kuwa ƙaiƙayin ya zo da borin jini, kumburin leɓe ko harshe, dashewar murya ko jiri, a tsaya nan take a garzaya asibiti, domin yana iya toshe numfashi. Ba kasafai yake faruwa ba, kuma ga wasu sai sun ci wani abu kamar alkama ko jatan lande 'yan awanni kafin motsa jikin, ko sun sha asfirin.

Don Allah ku fara a hankali na minti 10 kafin ku ƙara wuta, ku riƙa kurɓar ruwa, ranar da hazo ya yi yawa ku rufe hanci da baki ko ku ɗage fitar. Tarin da ya wuce mako 2, musamman da rama ko gumin dare, a je a yi gwajin tibi. Kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati a Najeriya.