Baligi mai galahanga a Abuja: abin da dokar masu buƙata ta musamman ta ba shi

Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Buƙata ta Musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ba ta tsaya kan guragu da makafi ba. Ta haɗa da duk lalura mai daɗewa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa da ke hana mutum shiga harkokin jama'a sosai. Baligi mai galahanga, wato otizim, lalurar da ke shafar yadda mutum ke magana da cuɗanya da jama'a, yana ciki, ko da yana da digiri kuma yana tuƙa motarsa.

Wanda ya nuna masa wariya saboda lalurarsa zai biya tarar naira 100,000 ko ya sha ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Idan kamfani ne, naira miliyan ɗaya. Dokar ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ware wa masu buƙata ta musamman aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A layin banki ko asibiti kuma a fara sallamarsa.

Matsalar ita ce lalurar ba ta fitowa a ido. Mai gadi ya ga mutum tsaye da ƙafafunsa, ya toshe kunnuwa saboda ƙarar janareta da hayaniya, sai ya ce masa ya koma baya. Shi ya sa takarda take da muhimmanci. A fara da rahoton likitan ƙwaƙwalwa daga asibitin gwamnati, sannan a nemi takardar shaida daga Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa da ke Abuja. Ita ce kuma ke karɓar koke.

Inda dokar ta gaza shi ne hankalinta ya fi karkata ga gini: hanyar keken guragu, lifta, wurin ajiye mota. Wa'adin shekara biyar na gyaran gine-gine ya cika a Janairun 2024. Ba ta fayyace batun hasken fitila mai kashe ido ko tambayoyin intabiyu masu harshen damo ba, alhali su ne ke hana mai galahanga aiki.

Don haka kada a roƙa da baki. A rubuta wa shugaban ma'aikata abin da ake so dalla-dalla: teburi nesa da ƙofa, umarni a rubuce, sanarwa kafin a sauya jadawali, izinin sa abin toshe kunne. A sa kwanan wata, a sa sakatare ya buga hatimi a kwafi ɗaya, a adana. Idan aka ƙi, wannan kwafin za a kai wa hukumar ko lauya.