Waiwaye: Yadda addini da sarauta suka daɗe suna tafiya tare

Duk ranar da za a yi bikin Eyo, bikin dodannin gargajiya da ke da alaƙa da fadar sarki, a tsibirin Legas, 'yan kasuwarmu na Idumota sun san ciniki ya tsaya. Wanda ya fito kallo sai ya tuɓe takalmi da hula, babur ma ba ya wucewa. Baƙon da ya sauka daga Arewa kan tambaya, me ya haɗa al'adar fada da sana'ar mutane? A zamanin da, ba wanda zai yi wannan tambaya, domin ibada da mulki abu ɗaya ne.

A Masar, Fir'auna ɗan abin bautarsu Ra ne a wurin talakawansa, kuma gidajen bauta ne ke riƙe da gonaki da rumbunan hatsi. Da Fir'auna Akhenaten ya ce a bar sauran gumaka a bauta wa Aten, wato rana, kaɗai, wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, abincin bokayen babban gunkinsu Amun ya taɓa. Yana mutuwa aka watsar da sabon birnin da ya gina, aka kankare sunansa daga duwatsu. A Babila kuwa, dutsen dokokin Sarki Hammurabi, wanda ke ajiye a birnin Faris yanzu, ya nuna sarkin tsaye gaban Shamash, abin bautarsu na adalci, wato hukuncinsa daga sama ya zo.

A ganina inda addini da sarauta suka rabu shi ne, wa ke iya ce wa sarki ka yi kuskure? Sarakunan Zhou na ƙasar Sin sun ce Sama ce ke ba da mulki, ita ce kuma ke ƙwacewa daga azzalumi, hujjar da suka kafa kenan suka tumɓuke gidan Shang. A Indiya, ɓarnar yaƙin Kalinga ta sa Sarki Ashoka ya rungumi koyarwar Buddha, ya sa aka sassaƙa nadamarsa a jikin duwatsu. Kiristocin farko sun ƙi yi wa sarkin Rum hadaya, suka sha azaba har sai da aka ba su 'yancin ibada a shekarar 313 miladiyya.

Namu ma ba nisa. Tarihin Kano ya kawo Barbushe a dutsen Dala, shi ne jagoran bautar Tsumburbura, shi ne kuma mai faɗa a ji. Da Wangarawa suka zo zamanin Sarki Yaji, ta fada Musulunci ya fara kafuwa, sannan malamai suka samu bakin yi wa sarki nasiha da Shari'a.