Waiwaye: Yadda Coci Ta Koma Kamar Gidan Kallo

Ana ta ka-ce-na-ce kan manyan majami'un zamani masu dandamali da fitilu da kujeru hawa-hawa. Wasu na ganin dare ɗaya aka bar tsarin iyaye da kakanni, alhali kuwa tushen abin ya kusa shekara 200.

Kiristocin farko a gidaje suke taruwa. Cocin da aka tono a Dura-Europos ta ƙasar Siriya, ta ƙarni na 3, gidan zama ne da aka rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu don jama'a su wadata. Bayan dokar Milan ta 313 ta ba su 'yancin ibada, sai suka ari fasalin dogon zauren shari'a na Romawa. Cocin Hagia Sophia da ke birnin Istanbul na yau, da kubbarta, ta biyo baya a 537, sannan dogayen majami'un Turai masu tagogin gilashi. A dukkansu bagade ne abin fuskanta, yana can ƙurya.

Furotesta, wato Kiristocin da suka rabu da cocin Katolika, sun ɗaukaka mumbari tun ƙarni na 16, wannan sananne ne. Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a New York. A 1832 magoya bayan wa'azin farfaɗo da addini suka karɓi hayar gidan wasan kwaikwayo na titin Chatham suka mai da shi wurin sujada, inda shahararren mai wa'azi Charles Finney ya riƙa wa'azi. Nan aka gane amfanin ginin: babu lasifika a zamanin, amma na kujerar ƙarshe yana jin mai magana, yana kuma ganin fuskarsa. Da aka gina cocin Broadway Tabernacle a birnin a 1836, sai aka jera kujeru a zagaye, suna hawa sama, dandamali a gaba. Kafin ƙarnin ya ƙare, tsarin ya bazu a Amurka.

A ganina nan ne zancen yake. Birane sun cika da baƙi 'yan ci-rani, wa'azi ya zama zuciyar sujada, dole gini ya bi muryar mai wa'azi. Lasifika da allon majigi daga baya suka zo, suka tarar da wurin zamansu a shirye. Hatta mawaƙa, waɗanda a majami'u da yawa a benen baya suke tsayawa, wannan tsarin ne ya kawo su gaban jama'a.