Olintos

Olintos tsohon birni ne na Girkawa a yankin Kalkidiki, arewacin ƙasar Girka, wanda aka gina a kan tuddai biyu nesa kaɗan da gaɓar teku. Ya fi shahara da gidajen talakawansa, domin a nan ne aka fi ganin yadda Bagirke ke zaune a gida a ƙarni na 4 kafin Miladiyya.

Tarihi

Ana kyautata zaton mutanen Botiya, wata ƙabila ta yankin, ne suka kafa garin a tudun kudu wajen ƙarni na 7 kafin Miladiyya. Masanin tarihi Herodotus ya ruwaito cewa a shekara ta 479 kafin Miladiyya Artabazus, kwamandan Farisa, ya ci garin, ya karkashe mazaunansa, ya damƙa shi ga Kalkidawa, wato Girkawan yankin Kalkidiki. A 432 Sarki Perdikas na Makidoniya ya shawo kan garuruwan bakin teku su yi ƙaura zuwa Olintos don kauce wa jiragen yaƙin Atina. Daga nan garin ya bunƙasa, ya zama jagoran ƙawancen Kalkidawa. Sparta ta yaƙe shi daga 382, ya miƙa wuya a 379.

Ƙarshensa ya zo a hannun Filib na Biyu, Sarkin Makidoniya, mahaifin Iskandar Mai Girma. Demostenis, ɗan siyasar Atina, ya yi jawabi har sau uku yana roƙon mutanen Atina su kai ɗauki, amma abin da suka aika bai hana komai ba. A 348 garin ya faɗi, an ce da ha'incin shugabannin mahayansa biyu, Lastenis da Yutikratis. Filib ya rusa shi, ya sayar da mutanensa bayi.

Tono

David Robinson na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya jagoranci tono a 1928, 1931, 1934 da 1938, aka buɗe gidaje fiye da 100. Da yake ba a sake gina babban gari a wurin ba, tsarin tudun arewa ya fito sarai: tituna miƙaƙƙu, kowane rukuni gida goma, biyar-biyar baya da baya da siririn lungu a tsakani. Faɗin gida wajen mita 17 ne ta kowane ɓangare, tushe na dutse, bango na tubalin laka, da tsakar gida. A wasu gidajen, ɗakin da maigida ke karɓar baƙi maza yakan sami daɓen tsakuwa, farare da baƙaƙe, an jera su ɗaya bayan ɗaya har hoto ya fito. Ɗaya yana nuna Belerofon, jarumin tatsuniyar Girkawa, bisa doki mai fukafukai. A cikin kangayen an tsinci kawunan kibau ɗauke da sunan Filib, da dalmar majajjawa, da duwatsun niƙa da kayan saƙa a inda aka bar su.

Rahoton tonon ya fito a juzu'i 14. Daga baya an gano cewa Robinson ya buga aikin ɗalibarsa Mary Ross Ellingson da sunansa.

An koma tono a 2014.