Tambayoyi da Amsoshi Kan Shirin Ƙaramar Hukuma na Tsaftace Rafuka

Waɗannan tambayoyi an sha yi mini su, shi ya sa na tara amsoshinsu wuri guda domin kowa ya karanta kafin ya sake tambaya.

Ruwan rafinmu garau yake, me kuma za a gyara?

Ido ba ya ganin ƙwayoyin cuta, ba ya kuma ganin sinadarin naitiret, wanda ake samu a taki. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli (wadda ake samu a kashin mutum da na dabba) ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, naitiret kuma kada ya wuce miligiram 50 a kowace lita. A ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji, da damina da rani, daga wurare daban-daban, kafin a ce lafiya lau yake.

Ashe ba masana'antu ne ke da laifi ba?

Suna da nasu, amma bututun masana'anta shi ne mafi sauƙin kamawa, domin wuri guda yake kuma ana iya tsayawa a bakinsa a auna abin da ke fita. Abin da ke wahalar da hukuma shi ne dattin da ba shi da ƙofa guda: takin da ruwan sama ya wanko daga gonaki, kashin dabbobi, masai da aka haƙa dab da gaɓa, baƙin mai daga kan tituna, da shara da ake zubawa a kwata. Mai zuba shara a magudana da daddare, da safe kuma ya zagi hukuma, ya daina. Shi ma yana cikin masu gurɓata ruwan.

Me ya sa shirin ya shafi gonaki da unguwanni da ke nesa da rafin?

Domin duk ƙasar da ruwan samanta ke gangarawa cikin rafin tana cikin lissafi, komai nisanta.

Idan dattin daga wata ƙaramar hukuma da ke sama yake gangarowa fa?

Wannan ce tambayar da ta cancanci tsayawa, kuma amsarta ta danganta da dokar kowace ƙasa. Galibi ƙaramar hukuma ba ta da ikon hukunta wanda yake wajen iyakarta, don haka barazana ba ta cika haifar da komai ba. Abu na farko shi ne a riƙa auna ruwan daidai inda ya shigo iyaka da inda ya fita, na tsawon aƙalla damina guda da rani guda, domin sau da yawa sakamakon kan nuna cewa wani kaso na dattin daga cikin gida yake. Idan ya tabbata daga sama yake, ana iya kai sakamakon ga hukumar muhalli ta jiha ko ta ƙasa, amma wannan hanya tana da jinkiri, kuma takan fi yin tasiri ne idan mai laifin bututu guda ne, ba ɗaruruwan gonaki ba. Hanya ta biyu ita ce a zauna a yi shiri na haɗin gwiwa da ya haɗa duk yankin da ruwansa ke gangarawa cikin kogin, kamar yadda dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta tanada. Wani lokaci ma waɗanda ruwan ke gangarowa wurinsu ne ke biyan kuɗin aikin da za a yi a sama. A 1997 birnin New York na Amurka ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan yankin tsaunukan Catskill, ya riƙa sayen filaye, yana gyara ramukan bayan gida, yana kuma tallafa wa manoma, maimakon ya gina babbar matatar ruwa. Ba kowace hukuma ce ke da aljihun New York ba, kuma ba zan ce wannan zai yiwu ko'ina ba, amma a ganina ya fi zaman jiran maƙwabci ya gyara da kansa.

Barin ciyawa da bishiyoyi a gaɓa yana da wani amfani?

Ƙwarai kuwa. Saiwoyi suna riƙe ƙasa, ciyawa tana tare laka da taki, inuwa kuma tana sanyaya ruwa, ruwan sanyi kuwa ya fi riƙe iskar da kifi ke shaƙa. A daina noma har bakin ruwa.

An fara aiki tun bara, ba mu ga canji ba. An cinye kuɗin ne?

Ku nemi a nuna muku kasafin da sakamakon gwaji, haƙƙinku ne. Sai dai ku kwantar da hankalinku, jinkiri ba lallai ne ya zama alamar almundahana ba. Idan an toshe kwatar da ke kai ƙazanta, ƙwayoyin cuta kan ragu cikin ɗan lokaci, amma naitiret da ya riga ya nutse ƙarƙashin ƙasa, da sinadarin fosfaras da ya kwanta cikin lakar rafi, kan ɗauki shekaru suna tsatsafowa suna ciyar da gansakuka bayan an rage zuba taki.